Yadda Na Bi Sawun Ƙuruciya Da Karatun Wani Farfesan Tarihi

Ɗaliban da ke bayanmu a sashen tarihi sun sha tare ni da tambayar yadda na haɗa babi na biyu na kundin digirina na biyu, babin da ya ƙunshi haihuwa da tashi da karatun wani farfesan tarihi ɗan ƙasar Katsina da Allah ya yi wa rasuwa. Tunda ba kullum ake samun zama ba, na ga gara in rubuta abin da ya gudana daki-daki, ko wani ya huta da ɓarnar kuɗin mota. Ba zan kama sunan Malam ba, domin mun yi alkawari da iyalinsa cewa abin da ya shafi cikin gida zai tsaya a kundin. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana tono tarihin sarauta da kasuwanni da ƙauran jama'a, amma nasa tarihin na ƙuruciya, duk inda aka rubuta shi, bai wuce cewa an haife shi a gari kaza ba, ya yi firamare, ya yi sakandare, ya shiga jami'a. Cike giɓin da ke tsakanin waɗannan maganganu shi ne aikin da aka ba ni.

Abu na farko shi ne takardar gabatarwa daga sashe. Malamin da ke duba aikina ya ce mini, "Kada ka taka ko'ina sai da ita, kuma kada ka yarda a yi maka guda ɗaya mai cewa ga duk wanda abin ya shafa. Kowane wuri a rubuta masa tasa da sunan ofishin." Haka aka yi. Na rubuta buƙata, sakataren sashe ya buga a kan takarda mai tambarin jami'a, sannan na zauna jiran sa hannun shugaban sashe, wanda a lokacin ya yi tafiya. Wannan jiran ya ci mini lokaci, don haka duk mai shirin fita bincike ya nemi takardunsa tun kafin a tafi hutu. Na haɗa da katin shaidar ɗalibi da ƙananan hotuna irin na fasfo, na zuba su duka a jaka ta roba saboda damina.

Daga nan sai Zariya, domin a Jami'ar Ahmadu Bello Malam ya yi digirinsa na farko da na uku. A Laburaren Kashim Ibrahim na nuna takardata a bakin ƙofa, aka kai ni wajen da ake ajiye kundayen digiri. Ba a fita da kundi, a nan za ka karanta ka mayar. Yawancin ɗalibai in sun ɗauki kundi sai su tsallake zuwa babi na ɗaya, alhali ga mai neman rayuwar marubucin, shafukan farko sun fi kome daraja. A shafin sadaukarwa na ga sunan mahaifinsa cikakke. A shafin godiya ya ambaci wani malaminsa na siniya firamare da ya fara sa masa son tarihi, ya ambaci hukumar da ta biya masa kuɗin karatu, da abokan karatunsa. A ƙarshen kundin kuma akwai jerin dattawan da ya yi hira da su, kuma biyu daga cikinsu 'yan garinsu ne. Kafin in tashi daga kujerar nan na sami sunayen da zan bi fiye da waɗanda na zo da su.

Na kuma leƙa ɗakin Shirin Binciken Tarihin Arewa da ke sashen tarihi na jami'ar, inda ake ajiye kwafen rubuce-rubucen Larabci da kundaye. Can ne mutum zai fahimci irin wurin da su Malam suka tashi. An buɗe jami'ar a 1962, kuma Farfesa Abdullahi Smith ne ya kafa sashen tarihinta. Baturen Ingila ne da ya zo daga Jami'ar Ibadan, ya musulunta a 1967, don haka rubuce-rubucensa na kafin nan suna ɗauke da sunan H.F.C. Smith, in ka nemi Abdullahi kaɗai rabin aikinsa zai wuce ka. A hannunsa aka yaye ɗaliban da daga baya aka riƙa kira 'yan makarantar Zariya, masu dagewa a kan cewa a daina bayyana tarihin ƙasar nan da ƙabila da ƙabila, a dubi yadda jama'a suka zauna da yadda suka nemi abinci da yadda suka kafa mulki. Na ɗauki tarihin karatun Dokta Yusufu Bala Usman na ajiye gefe a matsayin ma'auni, tunda shi ma ɗan ƙasar Katsina ne kuma kusan sa'an Malam. An haife shi a Musawa a 1945, ya yi ƙaramar firamare a Musawa, siniya firamare a Kankiya da Minna, sai Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, sai Jami'ar Lancaster a Ingila, ya dawo ya koyar a Barewa, sannan ya kammala digirin dokta a Zariya a 1974 a kan tarihin Katsina. Wannan jeri ya nuna mini matakan da yaron wancan zamani ke bi, da kuma inda nawa mutumin zai iya saɓawa, tunda shi ba ɗan sarauta ba ne kamar Bala Usman.

Mataki na gaba shi ne jami'ar da Malam ya yi ritaya a cikinta, don neman fayil ɗinsa na aiki. A nan na fara cin karo da bango. Jami'in da ke kula da fayilolin ma'aikata ya karanta takardata ya ce, "Malam, wannan fayil na sirri ne. Ko da mai shi ya rasu, sai da rubutaccen izinin magadansa, sannan magatakardan jami'a ya amince." Raina ya ɗan sosu a lokacin, amma gaskiyarsa ce, a cikin irin wannan fayil akwai maganar albashi da rashin lafiya da abin da ba ruwan ɗalibi da shi. Dole na juya zuwa ga iyali kafin in dawo.

Ba a faɗa wa gidan mutane haka kawai da rikoda a hannu. Wani tsohon ɗalibin Malam ne ya yi mini jagora, ya fara kiran babban ɗansa, aka sa rana. Zuwan farko gaisuwa ce kawai da addu'a ga mamaci, ban fito da ko biro ba. Sai a zuwa na gaba uwargidansa ta sa aka fito da wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta ce, "Ɗana, ga su nan, tun da ya rasu ba wanda ya taɓa. Ka duba a nan tsakar gida, amma ko ƙyalle kada ya fita." Na ce, "Hajiya, hoto kawai zan ɗauka da waya, in kin yarda." A ciki akwai takardar shaidar gama sakandare, da takardar yabo daga shugaban makaranta, da wasiƙar ba shi tallafin karatu wadda aka rubuta kuɗinta da fam da sule, tunda naira ba ta fara aiki ba sai a 1973. Abin da ya fi riƙe ni shi ne wani hoto baƙi da fari, gefensa ya fara cin ruwa: yara a jere cikin gajeren wando da riga fara, na gaba a zaune ƙasa ba takalmi, malamai biyu a kan kujera a tsakiya. A bayan hoton, da fensir, wani ya jera sunayen yaran layi-layi, kowa da sunan garinsu a gaba. Fensirin ya dushe har sai da na karkata hoton wajen rana kafin in karanta. Sunan Malam na nan a layi na biyu, amma ba da sunan mahaifinsa ba kamar yadda duniya ta san shi, da sunan ƙauyensu aka rubuta.

Wannan ya warware mini abin da zai iya ɓatar da ni gaba ɗaya. A makarantun wancan lokaci, in yara masu suna ɗaya suka yi yawa a aji, sai a liƙa wa kowa sunan garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Gumi. Wasu sun riƙe sunan har ƙarshen rayuwa, wasu kuma da suka shiga jami'a suka koma ga sunan uba. Duk wanda zai duba rajistar makaranta ya tafi da sunayen biyu, ya kuma lura da yadda Turawa da malaman da ke rubuta suna yadda suka ji shi, Mamman a nan, Muhammadu a can, Mohammed a wata takardar.

Babban ɗan ya rubuta mini takardar izini, na mayar jami'a. Bayan jira da bibiya, aka ba ni kwafin abu biyu kacal: takardar tarihin karatu da aiki da Malam ya rubuta da kansa, da fom ɗin da ya cike ranar da aka ɗauke shi aiki. Sun wadatar. A fom ɗin an sa ranar haihuwa 1 ga Janairu, kuma duk wanda ya saba da takardun mutanen wannan zamani ya san me wannan ke nufi: ba a san ranar ba, an ƙiyasta ne.

Sai ƙauye. Nan ma akwai hanyar shiga. Na fara zuwa fadar hakimi na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni, na zo neman tarihin ɗanku." Ya haɗa ni da wani bafade zuwa wajen dagaci, dagaci kuma ya aika aka gaya wa yayan Malam, wani tsoho da idonsa ya yi rauni amma ƙwaƙwalwarsa garau. Na tafi da goro da ɗan abin alheri, ba don sayen magana ba, don haka ake shiga wajen manya. A zaure muka zauna, da na tambaye shi shekarar haihuwar ƙaninsa sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, mu ina muka san shekara? Abin da na sani, ana zaman makokin Sarki Dikko aka yi sunansa." Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Takardar aiki kuwa ta rage wa Malam kusan shekara uku a kan haka. Na sake jarraba tsohon ta wata hanya, na ce yaushe ƙanin nasa ya bar gida zuwa makarantar kwana. Ya ce shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna aka yi hawan daba, wato 1956. Yaron da aka haifa a 1944 yana da shekara goma sha biyu ke nan, kuma wannan ya fi dacewa da wanda yayansa ya ce kafin a kai shi boko har ya fara kiwon awaki, ya yi nisa a allo.

Daga bakinsa na ji yadda aka yi aka kai shi makarantar. Umarni ne ya zo daga hakimi cewa kowane dagaci ya kawo yara, iyaye kuwa na ɓoye 'ya'yansu a rumbu da gonaki don gudun boko. Mahaifinsu bai da bakin da zai yi gardama da dagaci, sai aka ɗauki ƙaramin aka bar babban saboda noma. Ranar ɗauka hedimasta ya sa kowane yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen, wanda ya taɓo ya isa shiga aji, sannan ya dubi tsawonsa ya rubuta masa shekaru. Da lokacin jarrabawar shiga sakandare ya zo, ana duba shekaru, don haka malamai kan rage wa yaro mai ƙoƙari don kada a ce ya girma. Karatun allon kuwa, wanda shi ne karatunsa na farko kuma shi ya ba shi Larabcin da ya yi aiki da shi daga baya, ba shi da takarda ko ɗaya. In ba a bakin irin wannan tsoho ba, ba inda za ka same shi.

Makarantar firamaren tana nan, an sake mata suna, an yi sababbin azuzuwa. Hedimastan yanzu ya karɓe ni hannu bibbiyu, amma da ya buɗe kabad ɗin tsoffin littattafai sai muka tarar gara ta gama da na ƙasa, rajistar da ta rage ba ta kai shekarun da nake nema ba. Ya tura ni ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, can kuma aka ce ba su gaji kome daga wancan zamani ba. A nan ne na gane ainihin matsalar, kuma ita ce nake so mai karatu ya riƙe: takardun yaro suna bin wanda ya mallaki makarantar a lokacin da yaron ke cikinta, ba wanda ke riƙe da ita yau ba. A shekarun 1950 firamaren ta En'e ce, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, En'en Katsina ke biyan malamai, jami'in ilimi na lardi ke duba ta, rahotonsa kuma ya wuce Kaduna. A 1967 aka rushe Jihar Arewa, Katsina ta faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya. A 1976 aka mayar da sunan Jihar Kaduna, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi da ya kawo ƙarshen tsarin En'e. A 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Kowane canji an kwashi wasu fayiloli an bar wasu. Ƙaramar hukumar da aka ƙirƙira shekaru da yawa bayan yaro ya gama makaranta ba ta da dalilin riƙe takardarsa.

Don haka na nufi Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, reshen hukumar da Farfesa Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954. Na miƙa takardar gabatarwa, na cike fom, na biya kuɗin rajistar mai bincike aka ba ni rasit. Ba a barin mutum ya shiga cikin ma'ajiyar. Littattafan jerin fayiloli ake ba ka, ka duba, ka rubuta lambar fayil a 'yar takarda, ma'aikaci ya shiga ya ɗauko. An kasa fayilolin ne bisa ofishin da suka fito: KATPROF na Lardin Katsina, KANOPROF na Kano, ZARPROF na Zariya, SNP na ofishin Sakataren Lardunan Arewa, ga kuma na Ma'aikatar Ilimi. Mai neman abin da ya gabaci 1934 ya tuna cewa kafin wannan shekarar Katsina ba lardi ba ce mai zaman kanta, an taɓa haɗa ta da Kano, daga baya da Zariya. Kada ka zo da tsammanin za ka ga fayil da sunan mutuminka a bangonsa. Abin da ke akwai shi ne rahoton shekara na ilimi, da rahoton masu duba makarantu, da wasiƙu a kan jarrabawa da tallafin karatu. Sai ka yi ta juya shafi, takarda mai laushi da tsatsar allura a kusurwa, har ka dace. Ni na dace da jerin yaran da suka ci jarrabawar shiga sakandare daga wata siniya firamare, da sunan Malam haɗe da na ƙauyensu, daidai da na bayan hoton nan. Ɗaukar hoto da yin kwafi suna da nasu kuɗi, a tambaya tun farko a shirya.

Da yake ina Kaduna, na wuce Gidan Arewa a kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda Abdullahi Smith ya mayar cibiyar binciken tarihi a 1970. Laburarensa na da kundaye da takardun tarurruka. Tsakanin nan da ma'adanar ƙasa na duba tsoffin jaridu: Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da Nigerian Citizen, da New Nigerian da ta gaje ta a 1966. Jaridun nan kan buga labarin makarantu da sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu, amma aiki ne mai cin ido, sai ka san shekarar da kake nema kafin ka zauna.

Sunayen sakandare ma na da nasu ruɗani. Takardar Malam ta nuna ya yi Sakandaren Lardi ta Katsina, sannan ya yi shekara biyu na share fagen jami'a a Kwalejin Gwamnati ta Zariya. Wannan ta biyun ita ce Barewa. Ta fara ne a matsayin Kwalejin Katsina, ta koma Kaduna a 1938, sannan ta koma Zariya a 1949, sunan Barewa kuma sai a 1971 aka sa mata. Saboda zamanta a Kaduna, wasu kan rikita ta da Kwalejin Gwamnati ta Kaduna inda Bala Usman ya yi karatu, alhali makarantu biyu ne daban. Ta hanyar ƙungiyar tsoffin ɗalibai na sami abokan ajinsa biyu da ke raye. Ɗayansu, wani tsohon babban sakatare, ya ce mini Malam ba tarihi ya so karantawa ba da farko, shari'a ya so, wani malami ne ya juya shi. Ɗayan ya ce sam, tun suna aji uku ake kiransa da laƙabin da ke nuna son tarihi. Na rubuta maganar kowa da sunansa da ranar hira, ban zaɓar wa mai karatu ba.

Haka na yi da shekarar haihuwa. A cikin babin na kawo ta takarda, na kawo ta bakin yayansa, na nuna dalilin da ya sa na fi karkata ga 1944. Ranar kare kundi, mai jarrabawa na waje a nan ya fi tsayawa. Ya ce, "Me ya sa ka fifita maganar tsoho a kan takardar da mutumin ya sa wa hannu da kansa?" Na ce ita ma takardar daga ƙiyasin hedimasta ta samo asali, tsohon kuwa ya ɗaura maganarsa a kan abubuwa biyu da aka san shekarunsu, kuma sun dace da juna. Ya gyaɗa kai ya wuce.

Ga wanda zai yi irin wannan aiki, shawarata ita ce ya fara da kundin mutumin da takardar tarihin aikinsa, domin su za su ba shi sunayen makarantu da na mutane. Da zarar ya samu, ya tafi wajen dattawa kafin ma'adana. Fayil zai jira ka shekara goma, tsoho ba shi da wannan tabbacin, kuma yayan Malam bai kai ga ganin kundin ba. Kafin ka hau mota zuwa kowace makaranta, ka zauna ka rubuta sunan da take amsawa a shekarun da kake nema da hukumar da ke riƙe da ita, wannan kaɗai zai gaya maka ko Katsina za ka nufa ko Kaduna. Mafi yawan kuɗin da na kashe a mota da masauki ya tafi, ba a kuɗin ofisoshi ba, don haka a haɗa ayyukan gari ɗaya a tafiya ɗaya, a kuma kira waya a tabbatar ba ranar hutu ba ce. A nemi izini kafin a kunna rikoda, a faɗi sunan mai magana da wuri da rana a farkon kowane ɗauka, a kwafe sautin da hotunan a wuri na biyu daren ranar. Kowane hoton takarda kuma a ɗauki bangon fayil ɗin tare da shi, don lambar ta zauna a jikinsa lokacin rubuta madogara.

Bayan an amince da kundin na yi gyare-gyaren da aka nema, na kai kwafen da jami'a ke buƙata, na kuma ɗaure ɗaya daban na kai wa Hajiya tare da hotunan takardun akwatin da na wanke mata manya. Babban ɗan ya nemi in tura masa sautin hirar da na yi da baffansu, na tura masa ta waya a ranar.